Awaki da Rumbu: Yadda Tallafi Ya Sauka a Gidan Wani Manomin Tudu a Sakkwato

Gidan da wannan nazari ya shafa yana wani ƙauye ne arewa da birnin Sakkwato, gefen hanyar Illela, inda ƙasa ta ɗaga ta zama tuddai masu marmara a ka. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ko na mutanen gidan ba, domin sirrin rumbunsu suka buɗe mini, kuma Bahaushe ba ya son a leƙa masa rumbu. Na san su tun ina aikin malamin gona a yankin, na ci gaba da zuwa gaisuwa bayan na bar aikin. Abin da na rubuta a nan ya faro daga daminar 2018 zuwa kakar 2024. Tallafin rage talauci iri-iri ya ratsa ta ƙofar gidan a waɗannan shekaru. Wani ya zauna, wani ya gangare kamar ruwan da ya sauka a kan fako, kuma bambancin nan nake son bi.

In an ce noma a Sakkwato, hankalin mutum fadama yake tafiya: albasa da tafarnuwa, shinkafar bakin Rima, ruwan madatsar Goronyo. Manomin tudu ba ya cikin wannan hoton. Ruwansa na sama ne kawai, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, in ya ɗauke shi ke nan sai baɗi. Rijiyarsa mai zurfi ce, ta sha ce ba ta ban ruwa ba. Gero yake shukawa da wake a tsakani, sai dawa a inda ƙasa ta ɗan riƙe laima. A ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91 cikin 100, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 63 ne. Duk wanda ya hau tuddan nan a watan Yuli ba zai yi gardama da lambar ba.

Maigidan ya haura shekara 60. Yana gandu ɗaya da babban ɗansa mai aure, ga uwargida da ƙananan yara, bakin ci goma sha ɗaya a lokacin da na fara lissafi. Gonaki uku ne. Ta jigawa a gindin tudu ita ce uwa, ita ke cika rumbu. Ta gangare tsakuwa ta yi mata yawa, ruwa ya yanka kwazazzabo a tsakiyarta. Ta can sama kuwa an daɗe da barinta, ta zama fako, ko ciyawa ba ta fitowa sosai. A shekara mai kyau hatsin gida yakan kai su wajen watan Afrilu. Daga nan sai awo, da kuɗin da babban ɗan ya turo daga cin rani, da ɗan abin da uwargida ta samu a saƙar tabarma.

Wanda bai fahimci abin da ke faruwa tsakanin ƙarewar rumbu da fitowar sabon gero ba, ba zai gane sauran labarin ba, don haka bari in daɗe a nan. Gero ba ya yafe makarar noman firi. In ciyawa ta riga ka a makonnin farko bayan tsiro, ko ka zo daga baya ka share ta tas, zangarniyar ba za ta cika ba. To a daidai waɗannan makonni ne gidan talaka ba shi da abin sa wa a baki. Wata safiya a daminar 2018 na bi ta gonarsa ta jigawa na tarar ciyawa ta shaƙe geron, babu kowa a ciki. Can gaba na hango shi da ɗansa sun duƙufa a gonar wani mai hali, suna ƙwadago. Na ce, "Baba, taka gonar fa?" Ya miƙe ya dafa ƙugu, ya share zufa da hannun riga, ya ce, "Malam, na san tana kuka. Amma in na tsaya mata yau, mi yara za su ci daren ga?" Sai da ya yi wa wani noma kwana shida kafin ya waiwayi tasa.

Abin yana tafiya ne a zagaye. Ya makara a noma, girbi ya ragu. Hatsin da ya ranto da damina ya biya da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, don haka kwano ɗaya na bashi yakan ci fiye da kwano ɗaya na girbi. Ya sayar da wake da arha don ɗinkin yara da sauran buƙatu. Rumbu ya ƙare da wuri, baɗi ya sake komawa gonar wani. Ba ragwanci a ciki ko kaɗan. Mutumin nan ya fi duk wanda na sani a ofis yawan aiki.

A cikin wannan hali sunan uwargida ya shiga shirin ba da kuɗi ga gidaje marasa galihu na gwamnatin tarayya, wanda ke cikin shirye-shiryen da aka faro a 2016 zamanin Shugaba Buhari. A lokacin naira 5,000 ne a wata, ana haɗa na wata biyu a biya 10,000, kuma wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 322 na dukiyar Abacha da Suwizalan ta maido, sauran daga rancen Bankin Duniya. Yadda aka zaɓi gidajen ya burge ni. Jama'ar gari aka tara, maza daban mata daban, aka ce su faɗi yadda suke gane talaka a garinsu, sannan su lissafo gidajen. Matan suka ce talaka shi ne wanda ba a jin ƙarar daka a gidansa da hantsi. Kuma hannun mace aka sa kuɗin, abin da ya jawo gunaguni a majalisar dattawan gari na ɗan lokaci, daga baya ya lafa.

Biyan farko da na biyu ciki suka tafi, da biyan bashin mai awo. Babu laifi a wannan, kodayake na ji masu sukar shirin suna cewa ai cinyewa kawai ake yi, kamar cin abinci ɓarna ne. Abin lura ya fara ne da adashi. Matan da ke karɓa a unguwar suka haɗu su goma suna zubi ranar biya. Da ɗaukar uwargida ta zo, ta ba ƙanenta ya je kasuwa ya sayo mata jar akuya mai ciki. Jar akuyar Sakkwato ba ta buƙatar gabatarwa, fatarta ce Turawa suka daɗe suna saye ta hannun fataken Sahara har suke kiranta fatar Maroko. Abin da ya fi damun manomin tudu shi ne tana rayuwa a kan harawa da dusa da 'ya'yan gawo, tana yawan haifar tagwaye, kuma ana iya sayar da ita ranar kasuwa ɗaya a dawo da kwanon hatsi. Kafin ƙarshen 2021 turken gidan ya kai awaki bakwai.

Amma a nawa ganin babban abin da kuɗin ya saya ba ya turke. Mako guda ya saya. A daminar 2020 da ta 2021, biya ya faɗo kusa da shuka, uwargida ta auno hatsi ta ajiye, maigida da ɗansa suka yi noman firi a gonarsu a kan kari, sai bayan sun gama suka fita ƙwadagon maimai a gonakin mutane. Rumbun da ke ƙarewa a Afrilu ya kai su cikin Yuni. Dole in yi adalci in ce ruwa ma ya taimaka, kuma takin awakin ya fara shiga gonar jigawa. Sai dai ciyawar da na gani a 2018 ban sake ganinta ba a shekarun nan biyu, wannan kam da idona.

Sauran tallafin da ya zo a tsakanin ba su yi wannan tasirin ba. Shirin bashin noma na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, a wannan yanki shinkafa da alkama ya fi fuskanta, wato amfanin fadama. Mai gero a kan tudu sai dai ya ji a rediyo. Babban ɗan gidan ya ga abokansa suna shiga, ya sauka ya yi hayar 'yar gona a fadamar wani gari, ya karɓi iri da taki ta hannun wata ƙungiyar manoma a 2020. Shekarar ce ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi da Sakkwato. Ya dawo gida hannu rabbana, ga kuɗin haya ya tafi, ga sunansa a takardar bashi. Akuya biyu uwarsa ta sayar don a rufa masa asiri. Da take ba ni labari ba ta kama sunansa ba, ɗan fari ne, sai ta ce, "Wancan ya bar abin da ya iya, ya tai neman abin da bai gada ba."

Takin zamani mai rahusa shi ma yana da nasa labarin. A 2017 an tsayar da buhu a naira 5,500 a ƙarƙashin shirin taki na shugaban ƙasa, daga baya, musamman bayan yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, ya ninka sau da yawa. Duk lokacin da maigida ya samu rabin buhu a rabo, sayar da mafi yawansa yake yi. Da farko abin ya ba ni haushi a matsayina na malamin gona. Sai ya fahimtar da ni cewa a tudu, in ka watsa taki ruwa ya yi maka fashin kwana goma sha biyar, ka ƙona geronka da kuɗinka. Mun daidaita a kan ɗan mitsitsi a gindin kowace shuka, cikin marfin kwalba, dabarar da masu binciken ICRISAT, cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, suka yaɗa daga Nijar. Wannan ya karɓa, saboda ko ruwa ya saɓa asarar kaɗan ce. Tarakta kuwa da aka taɓa kawowa ƙaramar hukumar, ko hanyar hawa garin ba za ta iya ba. Jaki ɗaya ya fi ta amfani a wurinsu.

Akwai wani abu da ban taɓa jin an yi magana a kansa ba, shi ne rabon hatsin azumi. Gwamnati da attajirai a Sakkwato suna ƙoƙari ƙwarai a watan Ramadan, kuma gidan nan yakan samu rabonsa. A 2018 azumi ya kama a tsakiyar Mayu ya kai tsakiyar Yuni, daidai bakin shuka, don haka hatsin ya faɗa inda ake nemansa. A 2024 kuwa a watan Maris aka fara. Kowace shekara azumi yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya, yunwar damina kuwa tana nan inda take. Alherin bai ragu ba, amma kowace shekara yana ƙara nisa da watan da rumbu ke zama wayam.

A 2021 gidan ya ƙaru ba tare da shiri ba. 'Yarsu da ke aure a gabashin jihar, yankin da 'yan bindiga suka addaba kamar Isa da Sabon Birni, ta gudo da yara uku. A shekarar ce aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, sai kawai ganinta suka yi a ƙofar gida da ƙunshin kaya a ka. Bakin ci ya koma goma sha biyar. Takardar rajista tana nan da lissafinta na da, kuɗin ma bai motsa daga 5,000 ba. Dangi su ne inshorar talaka, amma inshora ce mai baki biyu, yau a ɗauke ka gobe ka ɗauki wani. A ƙasar Sin, tsakanin 2016 da 2020, gwamnati ta kwashe mutum fiye da miliyan 9 daga ƙauyukan duwatsu da wurare masu wuyar zama ta sake musu matsuguni da tsari. A nan masu tayar da ƙauye suna nan, sai dai da bindiga suke zuwa, kuma gidan talaka ne sansanin 'yan gudun hijira.

Jarrabawar gaske ta zo ne a 2023, kuma a jere ta zo. Da farkon shekara aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira. A kasuwar ƙauye mai saye ya ce sai dai ya tura ta waya, uwargida ba ta da asusu, mai POS kuma yana yankar nasa rabon mai tsoka. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin motar zuwa cin rani ya ninka. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar, a Agusta aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Babban ɗan, wanda ke dako da ɗan achaɓa tsakanin Illela da Ƙonni, ya wayi gari ba sana'a. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin 100.

A wannan lokaci kuɗin wata-wata ya riga ya zama tarihi a gidan. Tun kafin nan biyan ya riƙa tsallake watanni, wani lokaci a haɗo bashin a biya da kaka, lokacin da aka fi ƙarancin buƙatarsa. Adashin matan ya watse, domin ba a zubi da alkawari. Da aka sanar da sabon tsari na naira 25,000 har wata uku ga gidaje miliyan 15 a Oktoban 2023, sai aka ce sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da asusun banki. Uwargida ba ta da ko ɗaya. Sau biyu ta biya kuɗin mota zuwa inda ake yi, ta tarar ba sabis. Wani mai shiga tsakani ya zo gari ya ce a ba shi wani abu ya gyara mata, ta ba shi, ba ta sake ganinsa ba. A Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen gaba ɗaya na wani lokaci saboda binciken almundahana. Shinkafar rage raɗaɗi da ta iso garin, bayan an raba gida-gida, kwano biyu suka samu. Kwana uku ta yi.

Awakin ne suka riƙe gidan, kuma yadda uwargida ta sayar da su ya nuna ta san abin da take yi. Bunsuru ta fara fitarwa, sai tsohuwar da ta daina haihuwa, sai 'yan matasa ɗaya bayan ɗaya, kowane a lokacin da hatsi ya kusa ƙarewa. Uwaye biyu ta hana a taɓa, har maigida ya yi fushi wata rana ya ce yara na kwana da kunu ita tana kiwon dabba. Ta ce masa, "Malam, in mun ci iri mi za mu shuka?" Ya yi shiru. Maƙwabcinsu, wanda gonakinsa suka yi daidai da nasu amma sunansa bai shiga rajista ba, ya jinginar da gonarsa ta jigawa a bazarar 2024. Ba zan ɗora wannan duka a kan rashin tallafi ba, domin ya yi jinyar mata a asibiti a shekarar. Sai dai shi ba shi da turken da zai tsaya tsakaninsa da gonar, su kuwa suna da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya faru ne a fakon can sama, kuma ba wani shiri da ya kawo shi. Da aka rufe iyaka babban ɗan ya zauna gida da rani, karon farko cikin shekaru. Ya taɓa ganin yadda dangin uwarsa a ƙasar Tawa ta Nijar ke farfaɗo da fako: a haƙa ramuka a jere, tassa suke ce musu, a zuba taki a ciki da rani, gara ta shiga ta buɗe ƙasar, in ruwa ya sauko ya taru a ramin maimakon ya gangare. Shi da ƙannensa suka yi ta sara da diga, suka jera duwatsu a kan gangare don rage gudun ruwa. Takin da suka zuba na awakin uwarsu ne, wanda ya taru a turke. Wajen sulusin gonar suka iya yi, aikin akwai karya baya. A kakar 2024 an yanki gero a wurin da aka yi shekaru ba a ga tsiro ba.

Da a ce akwai wanda zai biya matasan tudu ladan wannan aikin da rani, a kan gonakinsu, da cin rani ya ragu, fako kuma ya ragu. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 da dala miliyan 700 don gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, irin aikin da aka kafa shi dominsa ke nan. A Nijar an gwada haɗa kuɗin wata-wata na sefa 10,000 da adashi da horo, wasu matan aka ƙara musu jarin sefa 80,000 a dunƙule, kuma binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2022 ya nuna kuɗin shigar gidajen ya ƙaru. Uwargidan nan ba ta san da wannan bincike ba, amma kusan tsarin ta haɗa wa kanta, da adashi a madadin jarin. Abin da ba ta iya haɗawa da kanta ba shi ne tabbacin ranar biya. Da za a tambaye ni, da na ce ko kuɗin bai ƙaru ba, a tabbatar ya iso a Mayu da Yuli.

Zuwana na ƙarshe bayan girbi ne. Na tarar ana ɗaura damma a rumbu, maigida yana ware na zakka gefe, ɗaya cikin goma. Awakin biyu suna turke, ɗaya cikinta ya tsufa. Uwargida ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla, ta fito da katin shirin a naɗe cikin leda, hotonta ya fara dishewa. Ta miƙo mini ta ce, "Malam, kai da ka san birni, duba mini. Wagga takarda ta mutu, ko in ci gaba da ajiya?" Na juya katin gaba da baya, babu ranar ƙarewa a jiki. Na ce ta ajiye. Ta mayar da shi cikin ledar, ta kira jikarta ta ce ta kai wa awaki ruwan tsari.